Ku Tambaya, Kawu Ya Amsa: Wasannin al'adu a jami'a, daga Harobanda har Tawa

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan karo kusan duk hanya guda suka bi, maganar wasanni da bukukuwan al'adu a jami'a. Ba mamaki, lokacinsu ne ya zo, ƙungiyoyin ɗalibai na jiha-jiha sun fara yawo da kaye ɗaki-ɗaki suna karɓar kotizasiyo. Na zaɓi waɗanda suka fi tsaya mini a rai, na rage tsawon wasu. Masu tambayar aure da rabon gado ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne nan Tawa, albasa nika saidawa. Ɗiyata ta samu bak, jarrabawar gama sakandare, munka kai ta Yamai karatu, yanzu tana shekara ta biyu. Sai ga hoto an turo ma uwatta ta WhatsApp, ta sha rawani da gemun auduga, wai wasan tiyatir sunka yi ita ce maigari. Uwatta ta yi ta dariya, ni ban yi ba. Kuɗɗin da nika aikawa na karatu ne, kuma mu gidanmu ba a taɓa roƙo ba. In hana ta ko in ƙyale ta? Daga wani uba, Tawa.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa, ya kai albasa Abijan lafiya. Kada ka hana ta. Amma bari in yi maka bayani don kada ka ce Kawu ya goyi bayan yara kawai.

Abin da ya fi damunka na gane shi, shi ne wannan kalmar ta roƙo. Roƙo sana'a ce ta gado, mai ita yana da ubangida, yana yabo ana ba shi, kuma ba abin raini ba ne ga masu shi. Tiyatir kuwa wata hanya ce daban, kuma kai kanka ka san haka in ka tuna zamanin samariya lokacin Seyni Kunce, da kowace unguwa take da ƴan wasanta, ana gasa daga gari zuwa jiha har a kai babban bikin matasa na ƙasa, ɗiyan malamai sun yi, ɗiyan sarauta sun yi, ɗiyan ƴan kasuwa sun yi, ba wanda ya koma maroƙi don ya sa gemun auduga. Yazi Dogo da ya sa ƙasar nan duka dariya a telbijin, mushen lakkwal ne, wato malamin makaranta. André Salifou da jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa yau, farfesan tarihi ne kuma marubucin wasan kwaikwayo. Kai ma ba sai mun je nesa ba, mutumin garinku Moustapha Alassane, wanda ya zauna nan Tawa har ya maida wani ɓangaren otel ɗinsa wurin haɗa fim, shi ne tun 1966 ya zana kwaɗi da hannunsa ya yi fim yana yi wa tafiye-tafiyen shugabanni shaguɓe, ya daɗe yana riƙe da sashen sinima na jami'ar Yamai, ya rasu a 2015, kuma a 2024 aka sa sunansa ga tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke tsakiyar Yamai. Yanzu ma a jami'ar Abdou Moumouni akwai reshen karatu sukutum na fasaha da al'adu, ana shiga aji, ana egzame, ana ba da digiri.

To wannan ke nan. Inda nake tare da kai shi ne maganar lokaci, don tiyatir ɓarawon lokaci ne, repetisiyo ba ta ƙarewa sa'ar da aka ce, kuma in wasa ya kusa sai ka ga yaro ya yi sati bai buɗe kaye ba. Saboda haka ka kira ta, ba da faɗa ba, ka ce ta turo maka takardar not ɗinta ta zangon da ya wuce. In not na tsaye to magana ta ƙare. In sun yi ƙasa sai ku yi sharaɗi, ba wasa sai an gyara. Ka tambaye ta kuma ƙarfe nawa suke tashi, a ina suke yi, cikin kampus ne ko sai sun ƙetare gada zuwa cikin gari, su wa take dawowa da su in dare ya yi. Waɗannan tambayoyin uba ne, kuma yarinya mai hankali ba za ta ji haushinsu ba.

Wani abu guda, Alhaji. Yarinyar da ta iya tsayawa gaban amfi cike da ɗalibai, masu ihu da fito in ka yi kuskure kaɗan, ta riƙe su har su yi shiru su saurare ta, ranar sutnans ɗinta, wato ranar kare kundin bincikenta, malamai ƴan kaɗan a bayan tebur ba za su sa muryarta rawa ba. Kuma a cikin yara duka ita aka ba maigari, ka yi tunanin dalili. In hanya ta kawo ka Yamai ka sa ta gaya maka ranar wasa ka je ka zauna baya ka gani da idonka.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Ni aka ɗora wa sakataren al'adu na ƙungiyar ɗaliban yankinmu nan Harobanda, ƙetaren kogi inda jami'ar Yamai take, ba don na iya ba, ranar zaɓe ne ban zo ba shi ya sa. Bara mun yi makon al'adu mun kashe kuɗi sosai, da aka watse wani malaminmu ya ce wannan ba al'ada ba ce, nunin tufafi ne kawai. Wallahi abin ya yi mana zafi. Bana kotizasiyo jaka ɗai-ɗai ce kuma da yawa ba su biya ba. Me za mu yi da zai bambanta? Daga wani ɗalibi, Yamai.

AMSA: Ɗana, ka gaida mini malamin nan. Ban ga naku ba amma na ga irinsa, kuma bari in faɗa maka yadda yake tafiya ka gaya mini in ƙarya na yi.

An rubuta ƙarfe 8 a afish, ƙarfe 10 ta yi ana jiran babban baƙo. Ya iso, sai jawabai, shugaban ƙungiya, tsohon shugaban ƙungiya, wakilin uban ƙungiya, kowa sai ya gaida kowa da muƙaminsa. Sono ta cinye mafi yawan kuɗin, bafil har sama, ga gurup ana ta zuba masa esansi don tsoron ɗaukewar wuta. Sai ƴan mata su fito da zanen saƙi da ƙwarya da faifai, an yi kwalliya ba laifi, a ajiye turmi tsakiyar dandali su kama daka, turmin babu ko ƙwayar hatsi ciki, waƙar kuma daga kile USB take fitowa. Kowa ya ɗaga salula yana ɗauka. A wani irin wannan taron, ba zan faɗi na wace ƙungiya ba ne, na leƙa bayan bafil na tarar da wani tsoho mai gurmi da aka ɗauko tun daga ƙauye, yana zaune kan benci tun magariba, ya lulluɓe gurmin da gefen rawaninsa don ƙura, ba wanda ya kawo masa ko ruwa. Sai wajen ƙarfe 1 na dare aka kira shi, rabin jama'a sun tafi, ya fara ke nan murya ta soma buɗewa sai mai gabatarwa ya karɓe mikoro ya ce a tafa masa, lokaci ya ƙure, saura ƴan rawa. Shi kaɗai ne a wurin yake ɗauke da abin da aka ce an taru dominsa.

Matsalar ita ce kuna son ku nuna komai a dare guda, aure, suna, kokowa, farauta, daka, sai ya zama an taɓa kowanne sama-sama. Bana ku ɗauki abu guda tak ku bi shi har gindi. Misali waƙoƙin daka da niƙa na yankinku. Kuna da yawa a ƙungiya, kowa yana da salula, kowa yana da kaka ko gwaggo ko inna a gida. Wanda zai je gida hutu ya zauna da tsohuwa ya nemi izininta ya ɗauki muryarta, wanda ba zai je ba ya sa ƙanwarsa ta ɗauko ta turo. Kowace waƙa a rubuta sunan garin, da ranar da aka ɗauka, da wa ta koya wa tsohuwar, da lokacin da ake yin ta, don akwai ta amarya, akwai ta habaici ga kishiya, akwai ta shekarar yunwa, kuma a cikin irin waɗannan na ƙarshe za ku ji sunayen shekaru da labarin da babu shi a littafin tarihin da kuke haddacewa. Ƴan sashen nazarin harsuna su zauna su rubuta su da ƙa'ida. Sannan ƴan matan su koyi waƙar da bakinsu, a zuba hatsin gaske a turmi, a yi lugude na gaske, wanda taɓarya ke tashi sama a tafa kafin ta dawo. Nawa wannan zai ci? Kuɗin tiya biyu ta hatsi da kiredi.

Kada ka ce wannan ƙaramin aiki ne. Malam Maman Barka, Allah ya jiƙansa, shi ma malamin makaranta ne kafin duniya ta san shi da gurmi. A 2002 ya tashi ya tafi bakin tafkin Cadi wurin Boukar Tar, tsohon da ya rage cikin masu kaɗa biram, abin kiɗan masunta Buduma mai tsirkiya biyar da siffar jirgin ruwa, ya zauna ya koya. Tsohon ya rasu bayan nan, Maman Barka ya ɗauki biram ya zagaya duniya da shi har rasuwarsa a 2018. Da bai tashi ya je ba, yau sai dai a nuna muku shi rataye a gidan tarihi.

Kuma ku ƴan Harobanda kuna da gata ba ku sani ba. Ku ƙetare gada kawai. Akwai IRSH, cibiyar bincike ta jami'arku ce ma, tana da dubban rubuce-rubucen hannu na larabci da ajami waɗanda Boubou Hama ya fara tarawa. Akwai CELHTO, cibiyar Tarayyar Afirka mai adana tarihin baka, tun 1968 take nan Yamai da muryoyin tsofaffin da suka daɗe a ƙasa. Akwai CFPM Taya, makarantar kiɗa, da ɗakin da aka tara kayan kiɗan gargajiya na ƙasar nan, da malamai waɗanda suka san wane makaɗi ne na gaske a yankinku, wane ne ɗan kasuwar buki. Ga gidan tarihi na Boubou Hama da yake nan tun 1959, wanda da yawanku ba su sani ba sai ranar salla wurin kallon kuraye da dorina. Ku je ku gaishe su, ku nemi shawara, in kun gama ku kai musu kwafin abin da kuka tara.

Maganar kuɗi kuwa, ku juya lissafin. Farkon abin da za a ware shi ne haƙƙin makaɗi ko tsohuwar da kuka gayyato, kuɗin mota zuwa da komawa, masauki, abinci, da abin da zai sa aljihu, a ba shi a hannu kafin ya hau dandali ba a ce ya jira ma'aji ba. Abin da ya rage shi ne na sono, kuma ƙarama ta isa. Ku yi taron bayan la'asar ku tashi kafin isha'i, kun huta da gurup, kuma ƴan matan da ba su fita dare za su zo. Jawabi guda. Babban baƙo in ya makara ya tarar ana yi. Takardar neman wuri kuma ku kai ta da wuri ga hukumar jami'a da ta CROU, ofishin kula da masauki da abincin ɗalibai, kada ku bari sai saura kwana biyu ku zo kuna cewa an hana ku. Sai kuma ka sayi kaye guda ka rubuta duk abin da aka yi da abin da aka kashe, ka miƙa wa wanda zai gaje ka, shi ma wataƙila ranar zaɓe ba zai zo ba.

TAMBAYA: Kawu gardama ce ta kaure a fadarmu wurin shan shayi. Wai wane ne Abdou Moumouni da aka sa wa jami'a sunansa? Wani ya ce minista ne, wani ya ce soja. Daga ƴan fada, unguwar Karaje.

AMSA: Duk ku biyun ku biya kuɗin sukari. Abdou Moumouni Dioffo masanin kimiyyar fizik ne, an haife shi a Tasawa a 1929, ya yi suna kan binciken makamashin hasken rana tun ba a damu da shi ba, ya shugabanci ONERSOL, ofishin makamashin rana na ƙasa, ya kuma riƙe shugabancin jami'ar daga 1979. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992. Ita kanta ta fara ne a 1971 a matsayin cibiyar karatun gaba da sakandare, ta zama jami'a a 1973. Abin da ya haɗa shi da zancenmu na yau, tun 1964 ya fitar da littafi kan ilimi a Afirka yana cewa a koyar da yara da harsunansu. Tunda kuna kusa da gadar Kennedy, ina fata dai kun san abin da ya sa ɗalibai ke taruwa kowace 9 ga Fabrairu, ranar ce a 1990 aka harbe ɗalibai 3 wurin zanga-zanga a kan gadar. In wannan ma sai an yi gardama to ku rufe fadar.

TAMBAYA: Salam Kawu. Ina shekara ta uku, ina yin slam, waƙar baka da ake jerawa gaban jama'a ba rerawa. Da Faransanci na fara, sai na gwada da Hausa a wani suware na ga mutane sun fi motsawa, amma abokaina na cewa in ina son a gayyace ni waje dole Faransanci, wai Hausa ta ƴan ƙauye ce. Kuma wani ya ɗauki baitina ya sa a TikTok ba sunana. Ya zan yi? Daga wata ɗaliba, Yamai.

AMSA: Ɗiyata, amsar tana cikin tambayarki, kin ce mutane sun fi motsawa. Me kike nema kuma?

Abokan nan naki su duba waɗanda suka fita waje daga ƙasar nan da wane harshe suka fita. Bombino da Mdou Moctar da Tamajek suke waƙa kuma sun cika dandali a Amurka da Turai. Mamar Kassey da Fulatanci da Zabarmanci da Hausa suka zagaya. Ƴan rap na farko irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya da Wass-Wong, abin da ya sa suka kama gari a ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 shi ne sun cusa Hausa da Zabarmanci cikin abin, har tsohuwa mai tuyan ƙosai ta gane da wa ake. Jhonel da ya buɗe wa slam hanya a nan, yana zuba Zabarmanci cikin nasa ba ya jin kunya. In kika je Dakar ko Abijan da Faransanci zalla za ki tarar da ɗaruruwa da suka fi ki lanƙwasa shi, in kika je da Hausa mai nauyi ke kaɗai ce. Balle ga Najeriya nan ƙofar gida, miliyoyin masu jin Hausa da salula a hannu. Kuma tun Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki ne, to ƙauyen ya yi faɗi.

Sai dai zan ja kunnenki. Yawancin slam ɗin Hausa da nake ji a wurin ɗalibai, da Faransanci aka yi tunaninsa sannan aka juya, kana ji ka san ba haka ake faɗi ba, ga jimla doguwa ba numfashi, ga amsa-amo na dole, komai sai ya ƙare da "ƙasa" da "ƙwarai". Alhali muna da kirarin ƴan kokowa da na mafarauta, magana ce ake jerawa da ƙarfi ba kiɗa, da tsayawa da tashi, muna da rubutacciyar waƙa mai ma'auni da ƙafiya tun zamanin ajami, muna da zambo da habaici. Ki saurari waɗannan da kunnen mai koyo, ki ji inda suke yanke numfashi. Ba na ce ki bar Faransanci ba, ki riƙe biyun, amma kowanne ki rubuta shi daga cikinsa.

Shi kuma mai TikTok, fara yi masa magana ta sirri ya sa sunanki, galibi rashin sani ne. Daga yau duk baitin da kika gama ki ɗauki bidiyon kanki kina faɗinsa ki sa a shafinki kafin ki hau dandali da shi, ki ajiye rubutun da kwanan wata. In kin tara masu yawa ki je BNDA, ofishin kare haƙƙin masu fasaha, ki tambayi yadda ake rajista.

TAMBAYA: Kawu ni Bagobira ce. A wani suware wasu samari Zabarmawa sun yi wasan kwaikwayo suna ta tsokanar Gobirawa har da zanen fuskarmu, jama'a na dariya, ni kuwa raina ya ɓaci na fita. Ƙawata ta ce ban san wasa ba. Ni ce da laifi? Daga wata ɗaliba, Yamai.

AMSA: Ɗiyata, Bazabarme da Bagobiri ai abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kamar yadda Bafillace yake da Ba'are da Babarbare, Buzu yake da Bazabarme. Wannan wasan dangantaka har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, kuma ya kashe wutar rigima da yawa a kasuwa da bakin rijiya da cikin mota. To ta wannan fuskar ƙawarki ba ta yi ƙarya ba, da kin tsaya kin rama da ya fi, don Bagobira ba ta barin bashi.

Amma akwai inda nake ganin ɓacin ranki yana da tushe. Wasan nan asalinsa fuska da fuska ne, ya faɗa ki mayar, kowa na da baki. In aka hau dandali gefe guda na riƙe da mikoro, ɗayan yana zaune cikin jama'a ba damar ramawa, to ya fara sauya kama, balle a yanko minti guda a watsa a intanet inda wanda bai san dangantakar ba zai gani ya ɗauka zagi ne. Masu shirya irin wannan su riƙa sa ɓangarorin biyu a kan dandali, kuma a bar wanda aka fara tsokana ya yi ta ƙarshe. Sannan wasa yana da iyaka da kowa ya sani, ba a shiga iyaye, ba a shiga addini, ba a yi da aibin jikin mutum guda ana nuna shi. In sun tsaya kan ƙabila ne kawai to ki tara ƴan uwanki Gobirawa ku shirya naku, kayan tsokanar Zabarmawa ba su ƙarewa, in kun rasa ku zo ofis in ba ku kyauta.

TAMBAYA: Kawu, mu nan jami'ar Tawa muna gani a Facebook ƴan Yamai yau fim gobe konser jibi baje kolin zane, mu kuwa daga aji sai ɗaki. Muna da sha'awa amma komai yana Yamai. Mi za mu yi? Daga wani ɗalibi, Tawa.

AMSA: Ɗana, gaskiya ne Yamai ta tara gidaje, ga cibiyar al'adu ta CCOG mai sunan Oumarou Ganda wanda ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1972, ga cibiyar Moustapha Alassane, ga ESSCOM, tsohuwar IFTIC, inda ake koyon aikin jarida da kamera. Jami'arku kuma yarinya ce, a 2010 aka kafa ta tare da ta Maraɗi da ta Damagaram, ba za a haɗa ta da mai shekara hamsin da ɗoriya ba. Amma cewa komai yana Yamai, wannan ban yarda ba, kuma ban so Ba'adare ya ji ka.

Sunan wa jami'arku take ɗauke da shi? Djibo Hamani, masanin tarihin da ya yi bincike kan Adar kafin zuwan Turawa da kan sarautar Agadas, yawancin abin da ya rubuta daga bakin tsofaffin garuruwan da ke kewaye da ku ya samo shi. A Tawa aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, wadda yau jihohi 8 ke turo ƴan kokowa goma-goma neman takobi. Gasar kiɗa ta Dan Gourmou da ta fito da mawaƙan zamani da yawa tun shekarun 1980, sunan makaɗin Tawa take ɗauke da shi. Kuna da gidan matasa da al'adu na Albarka Tchibaou a cikin gari, kuna da filin kokowa na Hamidine Maïdaré. In ka fita gari ga bikin Hotungo na Fulani makiyaya a Bangi ta wajen Madawa, ga arwar Masallata kusa da Ƙonni inda azna ke duban shekara, kuma kafin wani ya rubuto mini, zuwa ganin abu don a rubuta yadda yake daban, yin imani da shi daban. Ƴan Yamai sai sun yi tafiyar fiye da kilomita 400 kafin su ga waɗannan.

Ga abin da nake ganin za ku iya a wannan zangon ba tare da jiran kowa ba. Ku nemi sal guda da yamma sau ɗaya a wata, ku gayyato mutum guda daga cikin gari ya zo ya yi magana da Hausa ku yi masa tambayoyi ku ɗauka. Ni da cali-cali zan fara, mutanen nan da ke shiga filin kokowa da tsumma da tarkacen layu na ƙarya suna kwaikwayon ƴan kokowa, su yi tsalle su faɗi da gangan jama'a na dariya. Kowa na ɗaukarsu mahaukata, amma ka lura da lokacin da suke shigowa, sai an yi kaye mai zafi, magoya baya sun fara hayaniya ana nuna juna da yatsa, kafin jandarma su motsa su sun riga sun juya hankalin fili duka. Wa ya koya musu, nawa suke samu, me suke yi in ba lokacin kokowa ba, ba na jin wani ya taɓa zaunar da su gaban ɗalibai ya tambaya. Bayansa ku kawo tsohon ɗan kokowa ya yi kirarinsa ya fassara muku shi baiti-baiti, sai maƙeri, sai mai yin cuku, sai baduku. Ku ƴan karatun shari'a da tattalin arziki kuna da yawa a nan, to ga batun memuwar, kundin kammala karatu, a ƙofar gida, yadda ake raba kuɗin kari tsakanin makaɗi da yaransa, ko wa ke da haƙƙin waƙar da ba a san wanda ya ƙirƙire ta ba.

Fim kuma ba ya buƙatar gini, farin zane da bango da na'urar haskawa ta aro daga wani malami sun isa, sai dai ku nemi izinin mai fim ɗin, yawancin masu shirya fim na ƙasar nan murna za su yi, wani ma ya hau mota ya zo da kansa. In kun tsaida rana ka turo mana afish ɗin mu buga a wannan shafi, ka haɗo da lambar wanda za a kira in mutum ya ɓace hanya.